Tafasa da rai ɗore: abin da ya raba kwaɗo da magani da guba

Ruwan farko na sauka, kafin gero ya kai gwiwa, tafasa ta riga ta rufe gefen hanya da burtali da bakin juji da duk saurar da aka bari ba a nome ba. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya kai mata taki. Mako biyu zuwa uku bayan damina ta kama, mata da yara sun fara shigowa gida da ita a kwando da bakin zane. Wannan kuwa shi ne lokaci mafi tsanani a shekarar manomi: rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya hau a kasuwa, noma na neman ƙarfin jiki, sabon gero kuma sai nan da wata biyu ko fiye. Daga Katsina zuwa Maraɗi, daga Haɗeja zuwa Damagaram, gidaje da yawa da kwaɗon tafasa suke riƙe ciki, a barbaɗa garin rogo ko a haɗa da ɗan tsakin da ya rage, a ci a sha ruwa a koma gona.

Sai dai maganar tafasa ta wuce kwanon kwaɗo yanzu. Ana sayen 'ya'yanta buhu-buhu ana fita da su waje. A China da Koriya shayinsu ake sha. A Turai akwai wani gari da ake cirowa daga cikinsu yana shiga abincin gwangwani. Ɗan'uwanta kuma da ke tsirowa tare da ita a fili ɗaya, wato rai ɗore, 'ya'yansa sun kashe yara a Indiya. Wanda ya ji duk wannan dole ya rikice. Warware rikicin na buƙatar tambayoyi uku da masu tallar magani a waya ba kasafai suke tsayawa su yi ba: wane tsiro ne a cikin dangin, wane sashe nasa, kuma me aka yi masa kafin ya shiga baki.

A fara da rabe tsiron. Masana tsirrai suna kiran tafasa Senna obtusifolia. Da can sunanta Cassia obtusifolia, sai a 1982 masana biyu, Irwin da Barneby, suka sake tsara dangin suka mai da ita rukunin Senna, shi ya sa har yau 'yan kasuwar waje ke neman 'ya'yanta da tsohon suna. Tana da 'yar'uwa a Asiya, Senna tora, wadda suka yi kama sosai har ana rikita su a rubuce-rubuce, amma wadda ke fitowa a ƙasarmu galibi ta farkon ce. Ganyenta ba ya ɓacewa: kowane reshe na ɗauke da ƙananan ganyaye shida, bibbiyu a jere sau uku, masu faɗi da zagayayyen baki, da yamma kuma sukan naɗe su rufe. Furenta rawaya ne. Kwansonta siriri ne dogo, a lanƙwashe kamar lauje, 'ya'yan ciki ruwan ƙasa masu ƙyalli da kusurwa.

Rai ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga, shi ne Senna occidentalis. Ya fi tafasa tsayi da kaurin kara, ganyayensa masu tsini ne, sukan kai takwas ko goma a reshe ɗaya, kwansonsa a baje yake bai lanƙwasa sosai ba, warinsa kuma ya fi ƙarfi idan an murza. Akwai filasko, Senna italica, gajeren nan na wurare masu rairayi, wanda kowa ya san aikinsa wankin ciki ne. Akwai kuma sanamaki da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, Senna alexandrina, wanda aka fi samu daga Sudan da Masar da Indiya. Su huɗun gida ɗaya suka fito, kuma abin da ya haɗa su wani rukunin sinadarai ne da ake kira antarakwinon. Inda suka bambanta shi ne yawan sinadarin, da irinsa, da sashen tsiron da ya fi taruwa.

Yadda sinadarin yake aiki a ciki sananne ne. Idan an sha, yakan wuce tumbi da ƙaramin hanji a ɗaure da wani nau'in sukari, bai taɓa komai ba. Sai ya isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su kwance shi, daga nan ya fara tsikarar bangon hanjin, hanji ya ƙara motsi ya kuma rage tsotse ruwa. Shi ya sa wanda ya sha sanamaki da dare sai da asuba ko hantsi cikin ke motsawa, bayan awa 6 zuwa 12. Likitancin zamani ya yarda da wannan aiki, daga sanamaki ake yin wasu ƙwayoyin maganin taurin bayan gida da ake sayarwa a kemis. Amma ko a takardar da ke cikin kwalin za ka ga an hana a wuce mako guda ana sha ba tare da ganin likita ba, domin yawan zawo na zubar da ruwan jiki da gishirin fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi.

To me ya sa ake cinye kwano guda na tafasa ba a kwana ana zarya zuwa bayi? Nan ne ilimin mata ya shigo, kuma a ganina shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Wadda ta san tafasa ba kowane ganye take tsinka ba. Toho take bi, saman tsiron, tun bai yi fure ba. Da ya fara fure da kwanso ganyen ya yi tauri, ɗaci da wari sun ƙaru, sai a bar shi. Ta dawo gida ta tsince, ta wanke, ta ɗora a wuta ta bar shi ya dahu sosai, wasu da 'yar kanwa don ya yi laushi. Baƙin ruwan nan da ya fita zubarwa ake yi, wasu ma sai sun sake ruwa sun mayar a wuta. Sannan a matse ganyen da hannu har ya tsane, kafin a kawo ƙuli-ƙuli da gishiri da yaji da albasa da ɗan mai. Doguwar dahuwa da zubar da ruwa su ke tafiya da ɗacin da wani kaso na abin da ke motsa ciki. Abin da ya rage a kwano ganye ne mai gina jiki, mai kalsiyam da sinadarin ƙarfe da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, man da ke cikin ƙulin kuma shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi wannan bitamin. Duk da haka, wanda bai saba ba, ko ya cika ciki da yawa, ko aka yi gaggawar sauke tukunya, cikinsa kan saki. Wannan ba baƙon labari ba ne a karkara.

Abin da ke damuna shi ne tambarin talauci da muka manna wa ganyen nan. A 2005, lokacin matsalar abinci a Nijar, hotunan mata na tsinkar ganye a yankin Maraɗi sun zaga duniya a matsayin shaidar yunwa. Yunwar gaskiya ce, yara sun mutu, ba mai musun wannan. Amma cin tafasa a damina shi kaɗai ba alamar yunwa ba ne, abinci ne na kowace shekara, mai kyau da marar kyau. Alamar yunwa ita ce ranar da aka ci ta babu hatsi a ciki babu ƙuli, ko ranar da aka koma jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don a cire ɗacinsu. Rashin rabe waɗannan biyu ya sa yarinyar da ta tashi a birni take jin kunyar a gan ta da kwaɗon tafasa, alhali ya fi abubuwa da yawa da take saye a leda amfani a jikinta. A arewacin Kamaru, wajen Garwa da Marwa, Fulani na kiranta tasba, miyarta da gyaɗa kuma abinci ne da ake sa wa baƙo a gaba ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

Inda aka fi kowa nisa da ganyen tafasa shi ne Darfur a yammacin Sudan da gabashin Chadi, inda ake yin abin da suke kira kawal. Ana tsinko ɗanyen ganye a ƙarshen damina, a daka shi a turmi har ya zama curi ba tare da an matse ruwansa ba, a danna shi cikin tulun ƙasa da aka binne a inuwa, a rufe da ganyen dawa a liƙe bakin. Duk bayan 'yan kwanaki a buɗe a juya da hannu a sake rufewa. Bayan kamar mako biyu ya ruɓa ya yi baƙi ya yi wari mai ƙarfi, sai a mulmula shi ƙanana a shanya a rana ya bushe. Busasshen kawal yakan yi watanni bai lalace ba, ana daka shi a zuba a miya ya maye gurbin nama a gidan da ba a iya sayen nama. Wani masanin Sudan, Hamid Dirar, ya wallafa bincike a kansa a 1984, daidai lokacin da babbar yunwar 1984 zuwa 1985 ke shiga Darfur. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na busasshen kawal furotin ne. Daga cikin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi akwai Bacillus subtilis, wadda ita ce ke mai da kalwa daddawa a wajenmu. Ke nan tsiron muna da shi birjik, dabarar ruɓarwa ma hannun matanmu ya san ta tun kaka da kakanni, haɗa su ne kawai bai zama al'adarmu ba. Da masu aikin yaƙi da tamowa a Arewa da Nijar za su dubi wannan da idon basira, da sun sami abin gwadawa wanda ba ya buƙatar ko kwabo na kuɗin waje.

Ta fuskar magani, abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne na fata da na ciki. A Afirka da Indiya an daɗe ana daka ganye ko 'ya'yan tafasa ana shafa wa makero da ƙaiƙayi, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna wasu sinadaran dangin nan na hana naman gwarin da ke jawo makero yaɗuwa. Sassauta ciki kuwa mun ga yadda yake faruwa. Sauran jerin da ake karantowa a bidiyo, wai rai ɗore na maganin taifot da shawara da ciwon suga da hawan jini, nan ne ya kamata a taka a hankali. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalbar gwaji, ko ya sauke suga a jikin ɓera, bai zama maganin ɗan Adam ba tukuna. Mai shawara kuma galibi hantarsa ce ke ciwo, hanta kuwa ita ce wurin da gubar rai ɗore ke fara sauka. Ba shi ruwan wannan tsiro kofi-kofi ba tare da an san abin da ya kawo shawarar ba ganganci ne. Haka mai ciki, da ƙaramin yaro, da wanda ke zawo tun farko.

Labarin Indiya ya isa a tsaya a kansa. A yammacin jihar Uttar Pradesh, musamman gundumar Saharanpur da maƙwabtanta, an yi shekaru ana rasa yara a ƙarshen damina, tsakanin Satumba da Disamba. Yaro lafiyarsa ƙalau, sai amai, sai ya fara fizge-fizge da sambatu, sai ya suma, cikin kwana biyu ko uku ya rasu. Kusan uku cikin kowane huɗu da suka kamu ba sa tashi. Galibinsu 'ya'yan talakawa ne ƙanana. An ɗauka cutar kumburin ƙwaƙwalwa ce da sauro ke yaɗawa, aka yi ta neman ƙwayar cutar ba a same ta a yawancinsu ba. Wani likitan yara a garin Bijnor, Vipin Vashishtha, tare da masanin ƙwayoyin cuta T. Jacob John na Vellore da abokan aikinsu, suka bi ta wata hanyar. Suka duba naman hanta da tsokar yaran, suka ga lalacewar irin ta guba ce. Suka shiga gidaje suna tambayar iyaye abin da yaran suka ci, suna kwatantawa da yaran da ba su kamu ba. A 2007 suka wallafa sakamakon: yaran na ɓare ɗanyen kwanson rai ɗore, wanda can ake kira kasondi, suna cin 'ya'yan a wajen wasa, kuma watannin mutuwar su ne watannin da tsiron ke ɗauke da kwanso. Gubar na cin hanta da tsoka, ƙwaƙwalwa ta biyo baya. Da aka shiga wayar da kan iyaye ana tuge tsiron daga kewayen gidaje, mace-macen suka ragu ƙwarai. A 2016 maganar ta sake tasowa a gundumar Malkangiri ta jihar Odisha, inda wani kwamitin masana ya danganta wani ɓangare na mutuwar yara da wannan tsiro, ko da yake cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta sauro ma tana wurin a lokaci guda.

Tsiron nan shi ne dai wanda ke bayan katangarmu da bakin kwatarmu, kuma da kaka yake cika da kwanso, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa. Yaron da ya zo da amai da suma a wannan lokaci, zazzaɓin sauro za a fara zargi, kuma daidai ne, a gaggauta kai shi asibiti a yi gwaji. Amma tambayar "me ya ci a wajen wasa?" ba ta cin kuɗi, ya kamata uwa da ma'aikacin lafiya su saba yin ta, musamman idan gwajin bai nuna zazzaɓi ba.

Wani zai ce ai ana shan 'ya'yan nan a wasu wurare. Haka ne, amma a soye. A sassan Afirka ta Yamma an daɗe ana soya 'ya'yan rai ɗore har su yi baƙi a daka a sha a madadin kofi. A China 'ya'yan tafasa, da suke kira juwemingzi, suna cikin kundin magungunan ƙasar, ana sha don idanu da taurin ciki, a Koriya da Japan kuma shayinsu abin sha ne na gida. Galibi sai an gasa su, ɗan kaɗan ake zubawa a ruwa, kuma wutar na rage kaifinsu. Mai ganin bidiyon shayin China ya je ya tsinko ɗanyen kwanso a bola, bai ma tabbatar ko tafasa ce ko rai ɗore ba, ya niƙa ya riƙa sha da cokali, wani abu daban yake yi.

Dabbobi ma sun san da wannan. Saniya da akuya ba sa son ɗanyar tafasa, sukan kewaye ta su ci ciyawar da ke gefenta. Wannan ne sirrin yawanta a burtali da makiyayar da aka cinye: an cire mata abokan gasa, ita kuma ta zubar da dubban 'ya'ya masu taurin ɓawo da kan yi shekaru a ƙasa suna jiran ruwa. Don haka filin kiwon da ya koma tafasa zalla, ko garmani kamar yadda ake gani a yankin Maraɗi, fili ne da ya gaji. Kuma duk da cewa tafasa dangin wake ce, ba ta da ƙulle-ƙullen saiwar nan da wake da gyaɗa ke ƙara wa ƙasa ƙarfi da su. A jihohin kudancin ƙasar Amurka tana cikin manyan ciyayin da ke damun gonakin waken suya da gyaɗa da auduga, a can da Brazil kuma an sha samun shanu da kaji da suka mutu bayan cin abincin da 'ya'yan tafasa ko na rai ɗore suka gauraya da shi. Tsokarsu ke lalacewa, dabba ta kasa tashi, fitsarinta ya yi duhu. Mai kiwon kaji da ke sayen tsakin masara ko dawa mai arha da kaka ya kamata ya ɗebo a tafin hannu ya duba.

Akwai kuma sabon haɗari da iyayenmu ba su sani ba, wato maganin feshi. Yanzu gonaki da yawa da feshi ake share su, kuma tafasar gefen gona ita ce ta fi kusa da hannun mai tsinka. Ganyen da aka fesa jiya bai nuna alama ba tukuna, dahuwa kuma ba a yi ta don cire irin wannan ba. Manomin da ya yi feshi hakki ne a kansa ya sanar da matan unguwa.

Sai kasuwar 'ya'yan tafasa. A cikin kowace ƙwaya, tsakanin ɓawo da ɗan tsiron, akwai wani farin sashe mai tauri wanda idan aka niƙa aka dafa shi a ruwa yakan yi kauri. Shi masana'antu ke so. Indiya ce kan gaba wajen sarrafa shi, ana zuba garin a abincin gwangwani na karnuka da kyanwoyi don ya daskare, a 2010 kuma Tarayyar Turai ta amince a sa shi a wasu abincin mutane da lambar E427. Daga Arewacin Najeriya ma ana tara 'ya'yan ana fita da su zuwa Asiya, kuma masu tsinkowa da sussukewa galibi mata ne da yara, su ne kuma ke samun mafi ƙanƙantar rabo, tunda ɗanye ake fitar da kayan, niƙa da tacewa da ribarsu duk a can suke.

Ƙa'idar Turai a kan wannan gari ta ƙunshi sharuɗɗa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, sinadarin antarakwinon da ya rage a cikinsa kada ya wuce rabin miligiram a kilo guda, wato sai an wanke shi kusan tas. Na biyu, 'ya'yan rai ɗore da suka gauraya da na tafasa kada su kai kashi 0.05 cikin ɗari. A buhu mai kilo 100, giram 50 ke nan, abin da bai wuce cikin tafin hannu ba. Tunda tsirran biyu a fili ɗaya suke fitowa, rabewar tun a daji take farawa, a hannun mai yanka, domin bayan an sussuke an haɗa tsince su aiki ne mai wuya. Dillalin da ke son kayansa su karɓu a waje dole ya koya wa masu kawo masa bambancin kwanson biyu, ya kuma biya su ladan wannan kulawar. A gidajen da ake wannan sana'a, tarin kwanso kan kwana a tsakar gida daga Oktoba zuwa Disamba, inda masu rarrafe da 'yan shekara uku ke wasa, don haka wurin shanya da wurin sussuka suna buƙatar shinge ko ɗaki mai ƙofa, ɓawon da aka sheƙe kuma a ƙone shi, kada a zuba wa awaki da kaji.